Darasi na Tara: Iskar Ƙauye da Hasashen Hukuma

Idan ana karanta hasashen yanayi a rediyo, abu ɗaya kunnen manomi yake jira: yaushe ruwa zai sauka, yaushe zai ɗauke. Da an zo kan batun iska sai hira ta ci gaba, kamar an gama maganar da ta shafi mutane. Alhali a wannan yanki namu, tun daga Sakkwato da Katsina har Maraɗi da Damagaram, iska ce ke kawo ruwan, ita ke hana shi zuwa, kuma sau da yawa ɓarnar da take yi cikin minti goma kafin ɗigon farko ta fi wadda ruwan zai yi dare guda. Ita ke yaye kwanon makaranta, ta binne tsiron gero da rairayi, ta ɗauki tartsatsi daga murhu ta kai shi kan jinkar rumbu. Maganar wannan darasi guda ɗaya ce. Hasashen hukuma yana hango babbar iska tun tana nesa, da kwanaki, amma bai san yadda za ta sauka a bakin wani ƙauye ba. Mutanen ƙauye sun san yadda take sauka a wurinsu, amma ba sa ganinta sai ta kawo kai. Kowane sani da iyakarsa, kuma haɗa su aiki ne da babu mai yi wa ƙauye sai ƙauyen da kansa.

Manyan iskoki biyu ne ke karɓa-karɓa a kanmu cikin shekara. Ta farko tana fitowa daga arewa maso gabas, ta ratso hamadar Sahara, don haka take zuwa a bushe. Ita ce iskar hunturu, wadda ke mulki daga wajen Nuwamba zuwa Maris. Ta biyu tana tasowa daga tekun Atlantika, ta shigo ta kudu maso yamma ɗauke da danshi, kuma duk ruwan da ke sauka a gonakinmu ita ce ta ɗauko shi. Inda suke haɗuwa akwai wani layi da ido ba ya gani, wanda ya ratsa Afirka ta Yamma daga gabas zuwa yamma. Layin ba ya zama wuri ɗaya. A watan Janairu yana can kusa da gaɓar teku, sannan ya yi ta haurowa arewa yana bin zafin rana, har a watan Agusta ya wuce Agadas, daga nan ya juya. Ƙauyen da ke arewa da layin yana cikin rani. Ranar da layin ya tsallake ƙauye, dare kan canja: iska ta fara busowa daga kudu ko yamma, leɓe ya daina tsagewa, jiki ya fara gumi mai danƙo.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, don isowar iska mai danshi ba ita ce faɗuwar damina ba. Iskar kudu ta fi ta hamada sanyi da nauyi, saboda haka ƙarƙashinta take kutsawa, kamar bakin fartanya, siriri a gaba, kauri a baya. Kusa da layin, danshin bai da zurfi. Samansa duk busasshiyar iska ce. Ruwa na kirki sai can kudu da layin da kilomita ɗari biyu ko fiye, inda kaurin ya kai girgije ya samu abin da zai ci. Shi ya sa ƙarshen bazara ya fi kowane lokaci mugun hadari. Girgije ya haɗu, ya saki ruwa, amma ruwan yana ratsa busasshiyar iska sai ya ƙafe kafin ya taɓa ƙasa. Ƙafewar nan tana sanyaya iskar da ke kewaye, ta yi nauyi, ta faɗo da ƙarfi, ta bugi ƙasa, ta bazu gaba tana kwasar turɓaya. Abin da mai tsaye a bakin gari yake gani shi ne jar katanga ta taso daga gabas, tsuntsaye suna gudu a gabanta, gari ya yi tsit na ɗan lokaci, sai wani sanyi ya bugi fuska, sai duhu. Wani lokaci bayan duk wannan hayaniya yayyafi ne kawai zai biyo. Wanda ya yi binne, ko ya yi shuka da ruwan farko, shi ke biyan kuɗin wannan wasa, don mafi yawan rairayin da iska ke kora ba ya tashi sama sosai. Tsalle yake yi dab da ƙasa, daidai tsayin tsiro, yana yanka ganye yana cike ramin shuka.

Abin lura kuma, ko da yake danshi daga kudu maso yamma yake zuwa, hadari daga gabas yake tasowa. Dalili shi ne a sama, wajen kilomita uku zuwa huɗu, akwai wata igiyar iska mai ƙarfi da ke gudu daga gabas zuwa yamma duk damina, ita ke jan ragamar gizagizai. Manyan hadura sukan jeru layi guda mai tsawon ɗaruruwan kilomita, su yi yamma da gudun da kan kai kilomita 50 ko 60 a sa'a. Maginanmu na gargajiya sun daɗe da sanin sakamakon ko da ba su san igiyar ba: bangon gabas ne ya fi zaizayewa, shi ake fara yi wa yaɓe da makuba, shi ake jingina wa zana. A riƙe wannan adadi na gudun hadari, za a buƙace shi a gaba.

To me hukuma take gani wanda ƙauye ba ya gani? A Najeriya akwai NiMet, hukumar kula da yanayi da aka kafa da doka a 2003, wadda ke fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da na kwana uku-uku a kai a kai. A Nijar akwai ma'aikatar yanayi ta ƙasa, ga kuma cibiyar AGRHYMET da aka buɗe a Yamai a 1974 bayan babban farin shekarun nan, da cibiyar ACMAD ita ma a Yamai. Idanunsu su ne taurarin ɗan'adam irin Meteosat, da ke tsaye a sama da nisan kusan kilomita 36,000 suna aiko hoto duk bayan minti goma zuwa sha biyar. Hazon hunturu misali ne mai kyau na amfaninsu. Babban tushen ƙurar nan shi ne kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin wani ƙaton tafki na zamanin da, wanda tafkin Chadi na yau raguwarsa ne. Iska tana matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta ƙara gudu, ta kwashi farar ƙasa mai laushi. Daga can zuwa Kano ya haura kilomita 1,000, kuma ƙurar takan ci kwana ɗaya zuwa biyu a hanya. Wato ana ganin tashinta a hoto tun sararin ƙauyenku yana tas. Babu dattijon da zai iya wannan, komai gogewarsa. Gargaɗin kwana biyu kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga mai ciwon asma, da direban da zai bi doguwar hanya, da uwar da za ta rufe abinci da ruwan sha. Lokacin bushewa da ƙura shi ne kuma lokacin sanƙarau, cutar da a annobar 1996 zuwa 1997 ta kashe mutum kusan 25,000 a Afirka.

Sai dai wannan idon mai gani nesa yana da rauni idan aka zo kusa. Ma'aunin iska na hukuma ana kafa shi ne a fili, a kan sanda mai tsayin mita 10, kuma tashoshin suna manyan garuruwa da filayen jirgin sama: Kano, Katsina, Gusau, Nguru, Tawa, Birnin Ƙonni. Hukumar yanayi ta duniya ta sha faɗin cewa tashoshin Afirka ba su wuce kashi ɗaya cikin takwas na mafi ƙarancin abin da ake buƙata ba. Hasashen da ke fitowa a wayar hannu kuma, ko da ya rubuta sunan ƙauyenku, ba auna ƙauyen aka yi ba. Kwamfuta ce ta yanka duniya gida-gida, kowane gida faɗinsa kilomita tara, ko sha uku, ko fiye, ta ba kowane gida adadi ɗaya. Tudu da kwari, fadama da jigawa, gari mai kurmi da wanda aka sare wa itatuwa, duk adadinsu ɗaya idan gida ɗaya suka faɗa. Ga wani abu kuma: adadin da aka fi nunawa matsakaicin gudu ne, alhali abin da ke yaye rufi shi ne bugun nan na daƙiƙa kaɗan, wanda ya fi matsakaicin nesa ba kusa ba. Kuma idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin bugunta huɗu yake ninkawa.

Wannan giɓi shi ne mutanen ƙauye ke cikewa kullum ba tare da sun kira shi ilimi ba. Matan da ke shiƙa a masussuka sun san cewa da asuba ƙaiƙayi a ƙafa yake zuba, sai hantsi ya ɗaga sannan iska ta tashi ta raba shi da tsaba. Akwai dalili: a lokacin rani iska kan kwanta a ƙasa da dare alhali tana gudu a sama, sai rana ta ɗumama ƙasa, iskar sama da ta ƙasa su cakuɗa, gudun ya sauko. Makiyayi ya san kwarin da iska ke bi ta ƙara ƙarfi. Kowa a gari ya san unguwar da ake fara kwashe wa rufi duk shekara, da gonar da rairayi ke taruwa a gefenta na yamma. Irin wannan sani babu shi a Abuja ko Yamai, kuma babu ranar da zai kai can.

Wani zai ce, tunda haka ne, sanin dattawa ya isa. Kakanninmu sun yi noma ba rediyo. Gaskiya ne, kuma alamominsu ba tatsuniya ba ne. Shamuwa tana biyo iska mai danshi, gawo yana zubar da ganye idan damina ta kama, juyawar iskar dare zuwa kudu daidai take da tsallakawar layin da aka ambata. Amma a dubi abin da alamomin ke faɗa: danshi ya iso. Ba sa faɗin ko zai yi zurfi a wannan mako, ko bayan ruwan farko za a yi fari na kwana goma sha biyar, don amsar wannan tana can a teku da sararin wasu ƙasashe. Ban da haka, ƙasar da dattawa suka koyi iska a kanta ta canja. Inda da akwai daji da ke rage mata gudu, yau fili ne fetal. Zuciya kuma tana da zaɓe: takan riƙe shekarar da alama ta yi daidai, ta manta wadda ta saɓa. Samarin da ya kamata su gaji sanin ma suna ci-rani a birni a daidai watannin da ake koyonsa.

Akwai kuma mai cewa hasashen yanayi shiga gaibu ne, ko wani nau'in duba. Wannan damuwa ta mai kishin addini ce, ba a yi mata dariya. Amma mai duba yana da'awar sanin abin da babu wata alama da ke nuna shi, shi kuwa mai hasashe alama yake karantawa. Matar da ta ga gabas ta yi baƙi ta kwashe shanya ba ta yi bokanci ba, kuma wanda ya ga hadarin nan a hoto tun yana Chadi ya riga ta gani ne kawai. Surorin A'araf da Furƙan da Rum duk sun ambaci iska a matsayin mai bushara kafin ruwa. Masu hasashe da kansu ba sa cewa tabbas. Da kashi suke magana, kuma wanda ya ƙara da in Allah ya so bai rage wa ilimin komai ba.

Maganar kashi ita ce amsar ƙorafin da aka fi ji: sun ce za a yi iska da ruwa, ba a yi ba. Idan aka ce yiwuwar hadari kashi 60 cikin 100 ce a arewacin Jigawa, ma'anarsa a cikin ranaku goma masu irin wannan hali, wajen shida za a samu. Huɗun da ba a samu ba suna cikin lissafin tun farko. Hadari kuma yana da gefe: yakan yi ɓarna a wannan gari ya bar maƙwabcinsa a bushe, duk cikin hasashe ɗaya. Inda ƙorafin yake da gaskiya shi ne yadda saƙon ke isowa. Sau da yawa ana yanke kashin a hanya, ana ambatar jiha sukutum, ko a karanta shi da Hausar da ba ta fita ba. Wannan laifin masu isarwa ne, kuma haƙƙin masu sauraro ne su matsa wa gidajen rediyo su gyara. Hanyar da ta dace a auna hasashe ita ce a gwada shi da abin da ya faru na tsawon damina guda, a ga inda ya fi dacewa da inda ya fi kuskure a wannan ƙauyen. Rana ɗaya ba ta isa hukunci ba.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na talauci: ko na sani, me zan yi? Hausawa sun ce iska na wahalar da mai kayan kara, kuma lallai mai rufin kankare ba ya kwana da fargaba. Duk da haka yawancin abin da ke rage ɓarnar iska ba kuɗi mai yawa yake ci ba, sanin lokaci da sanin gefe yake so. Iska ba danna kwano take yi ba, tsotse shi take yi sama, kuma daga baki da kusurwa take farawa. Don haka ƙarin ƙusa a gefen gabas, da ɗaure katakon rufi da bango da langa-langa tun watan Afrilu, sun fi jibga duwatsu a tsakiyar rufi. Mai feshi da ya fita da sanyin safiya, ganye na ɗan motsi, maganinsa a kan wake zai sauka; wanda ya bari hantsi ya yi, rabin kuɗinsa ya tafi gonar maƙwabci da huhunsa. Ƙona sharar gona a ranar da aka yi gargaɗin iska ganganci ne. A gona kuwa, gwaje-gwajen cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, sun nuna cewa karan gero da aka bari kwance a ƙasa, kimanin tan biyu a hekta, yana rage rairayin da iska ke kora sosai. Matsalar a bayyane take: karan nan shi ne abincin dabbobi, shi ne danni, shi ne makamashi, har kuɗi ne a kasuwa. Ba za a ce wa mai shanu biyu ya bar shi duka ba. Amma wanda ya san gefen da iska ke shigo masa zai iya barin kaɗan ɗin da yake da shi a daidai wurin.

Mafi ɗorewar magani itace ne, kuma ƙasar Hausa tana da shaidarsa. A kwarin Majiya, yankin Buza cikin jihar Tawa, iska ta daɗe tana bin kwarin tana kwashe ƙasa mai albarka. Daga 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji na Nijar da mutanen ƙauyukan suka fara dasa darbejiya layi bibbiyu, a gicciye da hanyar iska, da tazarar mita 100 tsakanin kowace katanga da ta gaba, har aka samu ɗaruruwan kilomita, kuma binciken da aka yi ya nuna geron da ke tsakanin katangun ya fi na fili. Tazarar ba a ka aka ɗauko ta ba: katangar itatuwa takan kare fili mai nisan kusan ninki goma na tsayinta. Itacen yana da nasa haraji, don yana cin wuri, kuma saiwarsa da inuwarsa suna rage amfanin kunyoyin da ke gindinsa, kamar yadda aka gani a katangun itacen turare na wajen Dambatta. Wata hanyar mai sauƙi ta bazu daga Maraɗi a shekarun 1980, inda manoma suka daina sassabe tohon kututture, suka riƙa zaɓar 'yan rassa suna renonsu. Ƙiyasi ya nuna an farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai hekta miliyan 5, gawo da kalgo da sabara da sauransu. A duka hanyoyin biyu, tambayar farko ita ce ta ina muguwar iska ke shigowa, kuma mazauna wurin ne kaɗai ke da amsar.

Don a haɗa sanin gida da na hukuma, dole su yi magana da ma'auni ɗaya, kuma ma'aunin ba ya buƙatar na'ura. A 1805 wani hafsan sojan ruwan Ingila, Francis Beaufort, ya tsara matakan ƙarfin iska daga 0 zuwa 12 bisa abin da ido ke gani, daga baya aka daidaita su da alamomin tudu. Hayaƙi ya miƙe sak, babu iska. An ji ta a fuska, ganye na ɗan motsi, tana tsakanin kilomita 6 da 11 a sa'a. Ta fara ɗaga ƙura da takarda, ta kai 20 zuwa 28, feshi ya riga ya ƙare. Manyan rassa na rawa, 39 zuwa 49. Itace duka yana lilo, tafiya ta yi wuya, an haura 50. Daga 75 rufi ke fara tashi. Wanda ya riƙe waɗannan, idan ya ji an ce bugun iska zai kai kilomita 60, ya san abin da zai gani a kan darbejiyar ƙofar gidansa.

Aikin ajin nan daga wannan mako shi ne a kafa doguwar gora a fili, nesa da gini da itace, a ɗaura mata ƙyalle, a shata gabas da yamma da kudu da arewa a gindinta. A samu littafi guda, a riƙa karɓa-karɓa: bayan asuba, da hantsi, da bayan la'asar, a rubuta inda iska ta fito, da matakinta, da ko akwai hazo, a gefe kuma a rubuta abin da rediyo ko waya ta faɗa game da ranar. Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna ya yi kibiya da lamba. Sannan a koma ga gudun hadari. Idan yana cin kilomita 50 a sa'a, garin da ke kilomita 25 gabas da ku yana rigan ku ganinsa da rabin sa'a, lokacin da ya isa a kashe wuta, a shigo da yara da awaki, a rufe hatsin da ke shanya, masu kwalekwale su nemi gaɓa. A zauna da mai unguwa a fitar da sunayen garuruwa biyu ko uku na gabas, a samu mutum ɗaya mai waya a kowanne wanda zai kira da zarar ƙura ta taso musu, a kuma yarda da wanda zai yi shela da lasifikar masallaci. Ku ma ku nemi garin da ke yamma da ku, ku karɓi lambar wanda za ku riƙa kira.